Fenti a Zanin Gado

Ƙusa ɗaya ta rage a bangon ba komai a kanta, daidai tsakiya, inda hasken fitila ya fi sauka. Duk sanda Manaja ta gifta ta sai ta ja tsaki. Da yamma za a buɗe baje kolin zane-zanen. An goge ƙasa, an jera kujeru, amma babban zanen bai iso ba.

Na Baba Mai Zane ne, maƙwabcinta na hawan ƙasa. Tun tana 'yar makaranta take shaƙar warin fentinsa a matattakala. Ita ta nace aka ba shi bangon nan, duk da Oga mai ɗakin baje kolin ya fi son aikin matasa. Shi kuwa tsohon sai ya yi ta yawo da hankalinta.

"Baba, yaushe?"

"Gobe, ranki ya daɗe. Kunci ɗaya ya rage."

"Makon jiya ma kunci ɗaya ka ce."

"Ai kunci biyu gare ta."

Ya hana kowa gani. Har ciwo ya kwantar da shi, yakan lallaɓa ya dafa bango, ya ƙara ɗigo ɗaya, ya koma. Shekaranjiya da safe matarsa ta kai masa magani, ta tarar ya cika a kan kujera, buroshi a cinyarsa. Manaja ta yi kuka har idonta ya kumbura. Amma can ƙasan ranta, inda ba za ta iya nuna wa kowa ba, haushinsa take ji. Da ya miƙa zanen tun watan jiya, da ya ga abinsa a bango.

Sai bayan azahar Auta, ɗansa direba, ya turo ƙofa da kafaɗa, rungume da wani faffaɗan abu. Mama, matar Baba, na biye da shi. An naɗe abin da farin zanin gado, an tamke da igiya.

Manaja ta tare shi. "Auta, me ka yi haka?"

"Na naɗe shi kar ya ƙarje. Ko motsi bai yi ba a mota."

"Fentin mai ne fa. Yana yin makonni bai bushe ba. A gidan mai zane aka haife ka."

"Yo ni direba ne, Anti. In an ba ni kaya, ɗaurewa nake."

"Kuma sabon zanina ya ɗauko," in ji Mama. "Uban ya gama da tawul-tawul ɗina, ɗan ya dawo kan zannuwa."

Manaja ta kwance igiyar, ta ɗaga zanin a hankali. Yana ɓantarewa da wata 'yar ƙara mai danƙo. Taga ce a zanen, da labule, da wata mata zaune ta dafa gwiwa. Duk waɗannan sun bushe tuntuni, ba abin da ya same su. Fuskar ce kaɗai, wadda ya yi ta taɓawa har ranar ƙarshe, ta dame ta zama jirwaye.

Oga ya karkata kai. "A rataya. A ce salon zamani ne, wa zai sani?"

"Ni zan sani, yallaɓai."

"To sai ki bar mana ƙusa tsirara, baƙi su zo su kalla."

Ta dubi ƙusar, ta dubi zanen. Ita ma ba ta da wata dabara. Ta ce wa Auta ya kama ɗaya gefen, ya kuma cire yatsunsa daga tsakiya. Suka ɗaga, suka rataya. Ta ja da baya, ta sa ya ɗan ɗaga hagu, sannan ta juya don ta ba Mama haƙuri.

Mama ba ta kallon bango. Ta shimfiɗa zanin a bayan kujeru biyu, ta sunkuya a kansa. Fuskar tana nan a jikin farin yadin, a juye, ba ta fito sosai ba, amma ga goshin, ga kumatun, ga ɗan tabon da ke ƙarƙashin idon Mama.

Auta ya miƙa hannu zai ninke. Ta buge hannun.

Ta zura hannuwanta biyu ta ƙarƙashin zanin, fentin yana sama, ta ɗaga shi nesa da jikinta. Baƙon farko da ya iso ya riƙe mata ƙofa. Ta karkata ta fita, tana kula kar gefen ya taɓa bango.