Kabewar Kabarin Saje

Da damina ta ja baya, Destiny ya dawo Zuru da buhunan siminti, wai zai shafe kabarin mahaifinsa, Saje Dawuda, da ke bayan gida. Washegari ya tarar da mahaifiyarsa Leah zaune a bakin kabarin, wanda kabewa ta yaɗu ta rufe ruf.

"Mama, tashi magina su fara. Mutane na cewa mun bar Baba cikin ciyawa."

Leah ko motsi ba ta yi ba. Ta san abin da mijinta ya roƙa: kada a sa komai tsakaninsa da ƙasa. Mutum ne da kan cire hula in hadari ya taso ta kan duwatsu, ya ce bai san abin da ya fi wannan tsarki ba.

Ta ce, "Babanka bai tafi ko'ina ba. Ruwa na ratsa shi, saiwa na kama shi. Mai zuba siminti a nan sai dai ya haɗa da ni."

"Haba Mama, kabewa ce kawai!"

"Kawai? Miyar da ka sha jiya har ka nemi ƙari, a ina kake tsammani na tsinko kabewarta?"