Ƙullutun da Khairunnisa Ta Ɓoye

Barakatu nas ce a wani ƙaramin asibiti a Sandamu. Ba ta da surutu, shi ya sa 'yan mata ke son layinta. Ranar Litinin Khairunnisa, 'yar shekara goma sha shida, ta zo ita kaɗai da kayan makaranta, ta nuna mata ƙullutu a nononta na hagu. Barakatu ta taɓa, hankalinta bai kwanta ba. Ta ce sai an je Katsina an yi hoto, kuma ba a zuwa sai da babba. Yarinyar ta haɗa ta da Allah kada ta gaya wa kowa. Barakatu ta yi alkawari, amma ta ba ta mako guda ta faɗa a gida da bakinta.

Ranar Laraba sai ga uwar, Hussaina mai fura, riƙe da katin asibiti da ta tsinta wajen wanki.

"Malama, yarinyar nan me ta zo yi?"

"Wace yarinya?"

Hussaina ta miƙa katin kawai. Khairunnisa 'yar fari ce; uwar ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ko aike ne sai ta bi ta wajen ƙanne.

"Inna, ki yi haƙuri, amana aka ba ni. Ki tambaye ta."

"Ni? Haba Malama, da wane bakin?"

Haushi ya kama Barakatu. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma kunya ta hana magana, ƙullutu kuwa girma yake. Ta sa aka kira yarinyar daga makaranta, ta ja ta gefe.

Khairunnisa ta daɗe tana murza bakin hijabi. "Anti, ba zan iya gaya mata ba. Amma ki tambaye ni tana zaune, ke zan amsa wa."

Haka aka yi. Hussaina ta zauna a benci, ta juya musu baya. Barakatu na tambaya, yarinyar na amsawa.

"Tun yaushe kika fara jin sa?"

"Tun azumin bara."

Uwar ba ta waiwayo ba.

"Malama, tambayar mini ita, yana mata ciwo?"

"Yana yi," in ji Khairunnisa.

Barakatu ta ce sai an kai ta Katsina an yi hoto. Hussaina ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Ki ce mata gobe ba makaranta. Ni zan kai ta da kaina."