Facin Da Aka Cire

Basira ta dubi kwamfutar, ta sake dubawa. Faci uku, wato ƙananan gyare-gyare, take sa wa manhajar gargaɗin hari duk lokacin da za a haɗa sabon ƙunshi don wayoyin ƙauyuka, yau kuwa biyu ta gani.

Masu manhajar na asali, can ƙasarsu ta kwanciyar hankali, sun yi ta ne da jiniya mai tada matacce. A nan kuwa, wanda ya ji baburan 'yan bindiga cikin gero yake shigewa ya kwanta. Faci na uku shi ke toshe bakin wayar, ta yi ɗan motsi kawai a aljihu.

"Talha! Ina na ukun?"

Ƙanen nata, gwanin gaggawa, ko kai bai ɗaga ba. "Ya ƙi hawa sabuwar fitowar, Yaya. Sun sauya layukan. Da na cire shi sai komi ya haɗu lafiya lau."

"Lafiya lau? Ka san mi ka cire kuwa?"

Sai yanzu ya ɗago. Ya ce jiya da innarsu Hajo ta zo Sabon Birni daga Gatawa, shi da hannunsa ya sabunta mata manhajar a wayarta.

Innalillahi. Tsoro ya kama Basira. Ta buɗe facin, ta bi layukan da suka gauce tana mayar da su mazauninsu. Haɗin farko ya watse. Na biyu ya tafi, amma ina amfani? Kafin gyaran ya isa wayoyin Gatawa, da irin sabis ɗinsu, sai wani ikon Allah.

Nan kiran Kalilu ya shigo, mai sa ido a hanyar daji. "Babura sun taso, Gatawa suka dosa. Ku aika yanzu. In sun matso za ni sake kira."

Saƙon farko zai same su a gida, jiniya ba laifi. Na biyu ne zai same su cikin gero, inda jiniyar za ta tona asirinsu.

Ta rubuta gargaɗin, ta ƙara a ƙasa: kowa ya kashe wayarsa, kada ya kunna. Ta aika.

Can Talha ya kasa daurewa, ya kira lambar Inna. A kashe take.

"Ta ji magana," in ji shi.

Kalilu ya sake kira, Basira ta ɗauka ta saurara, wayoyin duk a kashe, babu wanda za ta faɗa wa.