Tambaya ta Bakwai

Sakamakon jinin kafinta ya iso ranar Talata, wata goma sha ɗaya bayan an ɗiba. Likitar bincike ta kira tafinta ofishinta, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda firji biyu na ajiyar jini ke ta gurnani. Ta juyo masa takardar, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Yana ɗauke da ita," ta ce. "Daga wajensa ɗan ya samu."

Tafinta ya tuna gidan. Shekararsa goma sha biyu a asibitin, yana tsayawa tsakanin likitoci da marasa lafiyar da ba sa jin yarensu. Binciken kuwa na kansar hanji ne, irin wadda ke bin jini a wasu gidaje, tana kama mutum tun yana da ƙarfinsa. Ɗan kafinta ya mutu da ita yana da shekara talatin da ɗaya, shi ya sa aka nemi jinin uban. Uwar ta riga ta rasu. Saura 'ya guda, tela ce.

"Ita kuma 'yar?" ya tambaya.

"Rabi da rabi ne. In ta gada, sai a riƙa duba hanjinta da kyamara a kai a kai, abin da aka gani yana tsirowa a cire shi tun bai zama kansa ba. In ba a duba ba, sai ranar da ya nuna kansa, kamar na wanta."

"To a kira ta mana."

"Sau biyu na aika, ba ta zo ba. Ina da ikon in ce ta zo saboda wanta. Sakamakon ubanta kuwa nasa ne." Ta buɗe takardar amincewar da kafinta ya sa wa hannu, ta nuna masa tambaya ta bakwai. *Idan an gano wani abu na gado, ka yarda a sanar da iyalinka?* A ƙasa an ja layi mai kauri a ƙarƙashin *A'a*.

Tafinta ya daɗe yana kallon kalmar. Shi ya fassara takardar, shi ya zaɓi "gado". Sai ya ji wani abu kamar murna ya taso masa.

"Likita, ƙila laifina ne. A wajenmu in ka ce gado, gida da fili mutum zai fara tunawa. Dattijo ya ji an ce a gaya wa iyalinsa maganar gado yana raye, ai a'a zai ce."

"Allah ya sa laifinka ne," ta ce. "Je ka sake tambayarsa. Yana hawa na uku, ɗakin masu ciwon wuya."

Bai san da wannan ba. Ashe wata kansar ce dabam ta kama dattijon a maƙogwaro, wadda ba ruwanta da ta hanji. Likitan wuya ya ɗora ta a kan sigarin shekara arba'in. An cire masa maƙogwaron murya gaba ɗaya, an buɗe masa ƙofa a gindin wuya yana numfashi ta nan, kuma kowace safiya ana gangarawa da shi ɗakin gashi, inda na'ura ke ƙona ragowar kansar.

Ya same shi a gadon da ke kusa da taga. Fatar wuyansa ta yi baƙi tana saɓulewa saboda gashin. 'Yar tana sunkuye a kansa, ta zare ɗan bututun da ke cikin ƙofar wuyan, ta wanke shi da ƙaramin buroshi a kwanon ruwa, ta ɗaga shi sama ta leƙa, sannan ta mayar.

"A'a, sarkin magana!" ta ce da ta ga tafinta. "Yau wajen wanda ba ya magana ka zo? Me za ka fassara?"

"Gaisuwa na kawo. Baba, ya jiki?"

Dattijon ya ɗaga hannu.

"Ya ce da sauƙi," in ji ta. "Ka ga na ƙwace maka aiki. Shekara ashirin da takwas yana yi min faɗa, yanzu ni ke yi, shi kuma sai dai ya bubbuga ƙarfen gado. Shi ma gadon raina shi yake yi, wai ba aikin hannu ba ne."

Dattijon ya bubbuga ƙarfen sau biyu. Ta yi dariya, dariyar ta tsaya mata a rabi, ta dafe gefen cikinta na dama ta ɗan jira.

"Lafiya?" tafinta ya tambaya.

"Olsa ce. Wa ke cin abinci a kan lokaci a wannan wuri?"

Da za ta sauka karɓo magani, ya bi ta har bakin matakala. Ya ce mata likitar bincike na nemanta, duk wanda ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo da ƙuruciya ya kamata a gwada jininsa, a duba hanjinsa.

"Na ga saƙonta," ta ce. "A zura min kyamara ina kwance, wa zai share wa Baba bututu? Kuma ciwon nan na dangin Inna ne. Yaya ita ya ɗauko, har tafiyarsa. Ni kuwa dube ni. Goshin nan, hancin nan. A unguwa Hoto ake ce min. Ni jinin Baba ce."

"Ba a fuska ake ganewa ba."

"Kai dai ka faɗa." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ranar da aka binne Yaya, a gaban mutane Baba ya ce mata, jininki ne ya cinye min ɗa. Bayan wata biyu ta koma wajen ƙanwarta. Ni na zauna da Baba, don a lokacin ni ma haushinta nake ji, kamar da gangan ta yi. Sau ɗaya na je duba ta kafin ta rasu." Ta dubi matakalar. "Bari in je kafin layi ya yi tsawo."

Tafinta ya koma wajen dattijon ya ja labule ya zauna. Ya yi bayani a hankali, irin yadda ya saba: sakamako ya fito, abin daga wajensa ne, kuma gadon da takarda ke nufi ba na gida ba ne, na jini ne.

Dattijon ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin matashi, tsohon littafin awon katako, rabin shafukansa cike da lambobi da zanen ƙofofi. Ya ciro faffaɗan fensirinsa na aiki ya rubuta da manyan baƙaƙe.

NA GANE TUN RANAR.

Murnar nan da tafinta ya taho da ita ta fice masa. "To Baba, me ya sa?"

UWATA. ƘANINA. CIWON CIKI. DA JINI.

"Su ma da shi suka tafi?"

Ya gyaɗa kai.

"Kenan lokacin da ka gaya wa matarka waccan magana, ka sani."

Iska ta fito ta ƙofar wuyan da ƙara, kamar ana goge katako. Dattijon ya juya fuskarsa wajen taga.

"Baba, ni ba alƙali ba ne. Amma ka ga yadda take dafe ciki. Ta ƙi gwaji ne don ta yarda da maganarka. Kai kaɗai za ka iya warware ta. Ba sai ka faɗa da kanka ba, ka ja layi a ƙarƙashin *E*, sauran aikinmu ne."

Fensirin ya daɗe a kan takarda kafin ya motsa.

ITA KE SHARE MIN.

Tafinta ya karanta, ya kasa tantance abin da dattijon ke tsoro. Ko tsoron majina ta toshe bututun ba kowa a kusa, ko tsoron ta ci gaba da sharewa kullum, ta sunkuyo daf da fuskarsa, alhali ta sani.

"Ba za ta gudu ba," ya ce.

Dattijon ya dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya faɗi abin da bai da tabbas a kai. Sannan ya rubuta layi na ƙarshe, ya ja masa layi biyu, ya yage shafin ya miƙa masa.

BAYAN NA MUTU A GAYA MATA.

Likitar bincike ta maƙala shafin a cikin fayil. Ta ce za ta kai maganar gaban kwamitin asibiti, amma kada ya sa rai, tunda mutumin da hankalinsa kuma akwai hanyar da 'yar za ta bi ta gwada kanta. Ta sake rubuta mata takardar gayyata. Tafinta ya kai da hannunsa, ya kuma tare ta sau biyu a baranda. A na biyun ta ce, "Tafinta, in aurena kake so ka fito fili, ka daina fakewa da hanjina."

Ya yi dariya don ta yi. A kan hanyarsa ta komawa ya riƙa juya abin a ransa. Babu likita ɗaya a ginin da ke jin yarensu. Jimla guda ce, ya saka ta a tsakiyar bayanin magani, babu wanda zai sani. Amma duk marar lafiyar da ya taɓa buɗe masa cikinsa ya yi ne don ya san bakin nan ba ya ƙari ba ya ragi. Dattijon da ba shi da murya ya rubuta sirrinsa ya ba shi a hannu. In ya faɗa, ya ci amana. In ya yi shiru, yana taya shi ƙaryar. Ya auna su ta kowane gefe, bai ga wadda zai iya ɗauka ba.

An gama gashi, aka sallami kafinta. Bayan wata uku suka dawo ganin likitan wuya, aka kira tafinta. Dattijon ya yi ƙiba kaɗan, ya ɗaure wani farin ƙyalle a kan ƙofar wuyansa. 'Yar kuwa rigarta na reto a jikinta. Ta ce sau biyu tana rage ta, zirga-zirgar jinya ce.

Likitan wuya mutum ne mai fara'a, dogo, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya kunna hoton a allo, ya nuna nan, ya nuna can, yana magana da sauri. Tafinta ya saurara har ya gama.

"Me ya ce?" ta tambaya. "Ka yi shiru, me ya ce?"

"Ya ce hoton ya fita tas. Babu sauran komai a wuyan, kuma bai bazu ko'ina ba."

Ta toshe baki da hannu biyu. "Tambaye shi, tambaye shi, kenan ya warke?"

Tafinta ya tambaya. Likitan ya amsa yana murmushi, ya dafa kafaɗar dattijon.

"Ya ce ba a saurin cewa an warke. Amma yadda jikinsa ya karɓi magani, da irin kulawar da kike ba shi, yana sa ran shekaru masu yawa. Biyar, goma, ko fiye. Ya ce bai taɓa ganin wuyan da ake tsabtacewa kamar wannan ba."

"Baba, ka ji? Shekara goma! Ashe da sauran faɗa a gabanmu."

Dattijon ya ɗago ido suka haɗa da tafinta, ya yi sauri ya mayar kan gwiwoyinsa. Tafinta ya tuna shafin nan da ke cikin fayil, bayan na mutu a gaya mata, ya jira. Likitan ya fara rubuta ranar dawowa. Dattijon bai taɓa aljihun da fensirinsa yake ba.

"Tafinta," ta ce tana share hawaye, "yaya ake cewa na gode da yarensu? Yau da bakina nake so in faɗa."

Ya gaya mata. Ta gwada, ta karkace, ya gyara mata. Ta juya ta faɗa wa likitan sau biyu.