Tukwanen Malama Delu

"Waɗannan ne na tsohon ɗakin girkin?" in ji baƙuwar, tana shafa bakin wata tukunya.

Huraira ta ajiye kofin kunun da take ba Malama Delu, ta bi hannun da harara. Wai sunanta Fiddausi, wai ita ce shugabar sashen koyar da girki da kula da gida a kwalejin da Malama ta yi aiki. To dubiya aka zo, ko leƙen kayan mutane?

Katanga ɗaya ta raba Huraira da Malama a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar ita ke jinyarta. Tarihin tukwanen kuwa ta sha shi har ta haddace. Da ɗakin ƙasa ɗaya sashen ya fara, a bayan kwaleji, murhun duwatsu da tukwanen nan. Aka yi ginin bulo aka kawo risho, daga baya gas. Ranar da aka rushe ɗakin ƙasar don a ɗora bene, Malama da kanta ta tsamo su daga ɓaraguzai ta kawo gida.

"Amana ce, Huraira," ta taɓa ce mata. "Kada su riga ni fita daga gidan nan."

"Mun ware lungu a sabon benen don kayan tarihi, Malama," in ji Fiddausi.

"Suna da aiki," Malama ta amsa da ƙyar. "Huraira, ɗan ba mu wuri."

Ikon Allah! Yau ita ake kora? Ta laɓe a bakin taga, ba ta tsinci komai ba sai ƙus-ƙus, sai kuma shessheƙar baƙuwar. Kukan munafunci, in ji zuciyarta.

Washegari sai ga wani dattijo mai kaushin hannu, Ɗan'azumi, wai Hajiya Fiddausi ce ta aiko shi. Ya tsuguna yana auna tukwanen da taƙi, yana ƙwanƙwasa su yana saurare.

"Nawa aka yi maka cinikinsu?" Huraira ta jefa masa.

"Ba na sayarwa ba ne, Hajiya."

Ai kuwa yana fita ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta kai ɗakinta, ta rufa musu tsohon bargo. Tsallake katanga ai ba fita ba ne, haka ta lallashi kanta.

Ranar Alhamis da hantsi Malama ta cika, kanta a cinyar Huraira. Aka yi wanka, aka sa jana'iza bayan azahar. Gida ya cika da tsofaffin ɗalibanta, wasu da fararen kayan asibiti. Can sai muryar Fiddausi ta tashi daga ɗaki.

"Innalillahi! Ina tukwanen? Ɗan'azumi ya gama haƙa a maƙabartar Tarauni, su yake jira. Wasiyyarta ce, da su za a rufe ta."

Sai a lokacin Huraira ta gane. Ashe faɗin kabari mutumin yake aunawa.

"Me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Cewa ta yi in kin ji, kuka za ki yi ta yi ki kasa ba ta kunu."

Mata suka fara kallon juna, ana Allah wadai da mai satar kayan mamaci. Huraira na iya yin shiru, a sayo wasu a bakin maƙabarta, ba mai sani. Ta dubi makarar da ke jingine a soro. Kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ta miƙe.

Ta dawo rungume da tukunyar farko.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Na zaci ke ce ɓarauniyar."

Fiddausi ta bi ta suka kwaso sauran tare.

Maza suka fita da Malama, sannan tukwanen suka bi baya a baro. Huraira ta tsaya a bakin soro har suka sha kwana. Da ta sunkuya, sai ta ga baƙin tukunya ya yi mata zobe a gaban hijabi. Ta ɗaga hannu za ta kakkaɓe, sai ta fasa.