Karnen da Aka Bari a Gazawa

A Gazawa idan ka ce kana neman Saliha, sai an tambaye ka wacce. Idan ka ce Ina-Karne kuwa, har mai sayar da man babur a bakin tasha zai nuna maka gidan. Ungozoma ce tun da ƙuruciyarta, daga baya gidan likita suka ɗora mata bin gida-gida tana tuna wa masu jego ranar rigakafi. Karne shi ne ɗan katin nan da majo, babban ma'aikacin gidan likita, yake rubuta kowace allurar da aka yi wa yaro a ciki. Saliha ba ta yi lakol ba, wato makarantar boko, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma ta san gurbin kowace allura a katin, ta kuma san gurbin da babu komai tun daga nesa.

Ba ta iya gaisuwa ba, wannan kowa ya shaida. Kafin ta ce ina kwana ta ce ina karne. Ta tambaye shi a gidan suna, ta tambaye shi a wurin niƙa, akwai ma ranar da ta tambayi wata a gidan gaisuwar mutuwa, sai da aka taɓa ta. Wadda ta fi shan wuya a hannunta ita ce maƙwabciyarta Halima, wadda ta taɓa makara da sati biyu. Shekara huɗu ke nan, yaron har ya fara kiwon awaki, amma Saliha ba ta daina ba da misali da ita ba.

Abin da ta fi yi wa mata tsawa a kai shi ne allurar sati shida. Ita ce ta farko da take kare jariri daga tarin shiƙa, tarin nan da yake turnuƙe yaro ya yi ta yi babu numfashi, sai can ya ja iska da ƙara kamar carar zakara. Babban yaro yakan sha wuya ya tashi. Jariri kuwa sau da yawa ko ƙarar ba ya iya yi. Idan Saliha ta zo nan a bayaninta takan tsaya ta gyara ɗankwali, sannan ta ci gaba da faɗa.

To, bana sai ga autarta Marwa ta zo wankan gida da cikin fari, ta haifi mace, aka sa mata Ihsan. Nan fa Ina-Karne ta zama kaka, kuma kakar ta danne ma'aikaciyar. Kwana arba'in tana dafa ruwan wanka, tana dama kunun kanwa, tana yi wa jaririyar tsiya.

"Ƙawata, wanga hanci dai ba namu ba ne. Na mutanen Gidan Rumji ne, dangin ubanki, ki mayar masu da abinsu."

Mijinta Malam Hayatu yana daga zaure yana jin su. Yakan ce tunda aka haifi yarinyar nan matan Gazawa suka samu hutu, har wasu sun yi ƙiba.

Arba'in ta cika ranar Talata. Laraba da sassafe sai ga Hafsatu, yayar mijin Marwa, ta zo da mota ɗaukar mai jego. Shi mijin, Rabi'u, yana can kudu wajen fatauci. Tsarin kuwa an riga an yi shi: yawon arba'in, a kai jaririya gidan kowane ɗan'uwa ya ɗauke ta ya sa albarka. A kwana Agiye wurin Gwaggo Mariyama, a biya Tibiri, a ƙare a babban gida, wurin Alhaji Magaji, kakan yarinyar na wajen uba, a Gidan Rumji. Saliha ta yi ta kai da kawo, ga garin kunu, ga daddawa, ga kuka, ga yaji. Hafsatu tana gefe tana ta zuba labari, Saliha tana amsawa da "Allah Sarki" ba tare da ta ji ko rabi ba. Da motar ta tashi ta bi ta da gudu har bakin lungu don an manta da ludayi. Ta dawo ta shiga ɗaki ta sha kukanta.

Alhamis ranar rigakafi ce. Ta yafa mayafi ta fito da ƙarfinta, kamar mai biyan kwanakin da ta yi fashi. Gidan Halima ta fara shiga, don akwai sabon goyo a can.

"Ina karne?"

Halima ta miƙo shi ba musu, a cike tsaf. Sannan ta gyara zama, ta ce, "Yaya Saliha, ni kuwa in tambaye ki. Ba rana ɗaya munka yi suna da ku ba? In nawa ya cika sati shida yau, ita Ihsan hwa? Ko can Agiye za a yi mata?"

Saliha ta ƙirga a zuci. Arba'in ranar Talata, da kwana biyu, Alhamis. Ita da take ƙirga wa gari guda kwanaki, nata ne ya shige ta. Ta juya ta koma gida da sauri, Halima tana biye da ita, don irin wannan rana ba a barin ta ta wuce ba a kalla ba. A cikin kwallar da take ajiye turare ta same shi, karnen Ihsan, a naɗe cikin leda, inda ta ɓoye shi da hannunta don kada ya yi datti.

"Ai ya yi kyau," in ji Halima daga bakin ƙofa. "Ko ƙura bai ɗauka ba."

Da a ce abin ya tsaya nan, da kunya ce kawai, a sha ta a wuce. Amma tana tsaye da katin a hannu sai labarin Hafsatu na jiya ya dawo mata, wanda ta ce wa Allah Sarki. Cewa Hafsatu ta yi yaran babban gida su uku sun fi sati biyu suna tari, in ya kama su har sai sun yi amai, su ja numfashi kamar zakaru, kowa ya yi ta dariya. Tsoro ya kama Saliha irin wanda ta shekara talatin ba ta ji ba.

Malam Hayatu ya kira wayar salular Marwa, a kashe. Ta Rabi'u ba ta shiga. Lambar Hafsatu kuwa babu wanda ya karɓa jiya, ana ta ludayi.

"Zan bi su," Saliha ta ce.

"Har ina?"

"Har inda na same su."

Ya dube ta. "In har Gidan Rumji ne hwa? Uwar mata ta bi ɗiya gidan surukai, kwana ɗaya da tahiya, ba gayyata ba rasuwa? Mi za su ce?"

"Su ce."

Ya sa takalminsa ya raka ta tasha, shi da ya fi kowa sanin dalili.

A Agiye, Gwaggo Mariyama ta tarbe ta da salati. Su Marwa sun tashi tun da hantsi. Saliha ta juya za ta fita, tsohuwar ta riƙe mata mayafi: ba a shiga gidanta a fita da baki a bushe. Dole ta zauna aka dama fura, kuma Gwaggo Mariyama irin masu damun nan ne da ba sa barin gaya ko ɗaya. Saliha ta sha tana ƙona a ciki. Ita ma tsohuwar ba ta riƙe lambar kowa, jikokinta ke danna mata, sun tafi lakol.

Motar Maradi da ta hau ta tsaya a kowane ƙauye, ta ɗauki buhu, ta sauke tunkiya. A Tibiri aka ce yanzun nan suka bar nan, ga ma tabarmar da suka zauna ba a naɗe ba. Nan ma aka kawo fura. Wannan karon a tsaye ta kurɓa, abin da in wata ce ta yi a gidanta da ta shekara tana ba da labari. Ta tare ɗan kabu-kabu, ita da ta sha rantsuwa ba za ta ƙara hawa babur ba, ta ce masa ya yi gudu amma kada ya yi sauri.

Ana kiran la'asar suka shiga Gidan Rumji. Tun daga nesa ta hango motar a ƙofar wani gida mai babban zaure, ana sauke garin kununta. Alhaji Magaji yana zaune a kan kujera, ya sha farar riga da rawani, ya yi wanka da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Marwa ta durƙusa a gabansa tana kwance goyo. Daga cikin gida mata suna guɗa, yara suna turereniyar fitowa. A cikin hayaniyar nan Saliha ta ji shi, tari a jere ba hutu, sannan jan iskar nan mai ƙara.

Tsohon ya miƙa hannu biyu yana cewa, "Kawo mini amaryata. Kwana arba'in ankai ana ɓoye mini ita."

Saliha ba ta san lokacin da ta diro daga babur ba. Ba sallama, ba durƙuso, ɗankwali ya zame, ta ratsa tsakanin Marwa da surukinta ta karɓe jaririyar, ta ja da baya har tsakiyar hanya.

Guɗa ta tsaya. Marwa ta ce, "Inna!" ta rufe fuska. Hafsatu ta saki ƙullin daddawa.

Alhaji Magaji bai sauke hannuwansa ba. Ya ce, "Lahiya, Hajiya? Wani abu munka yi?"

Duk jawabin da ta shekara goma tana yi wa matan Gazawa ya gudu ya bar ta. Ta zaro karnen daga ƙugu ta ɗaga shi, kamar shi zai yi magana. Ta ce yau ce ranar allurar yarinyar, ita ta manta, laifinta ne. Ta ce tarin da ake yi a gidan nan ba na dariya ba ne, kada a shiga da jaririyar sai an kai yaran likita.

Wata daga cikin matan ta ce, "Tari dai? Wane gida ne ba a tari? Ɗiyarmu ce, sai a hana ta shiga gidan ubanta?"

Fuskar tsohon ta fara canzawa. Saliha ta ga haka, ta san in ta tsaya ga maganar majo da allura za a karɓi yarinyar cikin ladabi a shige da ita. Sai ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba.

"Alhaji, ni ma na yi yawon arba'in da ɗan farina. Gida tara na kai shi, kowa ya ɗauka ya sa albarka. A gida na shida akwai mai irin wanga tari. Kwana ashirin bayan nan ya shiɗe a bayana ina daka. Ban yi kuka ba, an ce ɗan fari ne, da kunya." Ta ƙara rungume jaririyar. "Hashimu. Sunanshi Hashimu."

Marwa ta ɗago kai. Ta san an yi wani kafin su, amma ba ta taɓa jin sunan ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, yana raye ma, balle ya tafi. Yau ga shi ta kira shi a bakin hanya, a garin surukai, kai ba ɗankwali.

Alhaji Magaji ya sauke hannuwansa a hankali, ya mayar da su baya ya harɗe, kamar yana tsoron kada su miƙe da kansu. Ya tashi ya tako, ya tsaya taku biyar daga inda take, ya leƙa fuskar jaririyar.

"To, amarya," ya ce, "an ɗaga biki. Ba komi, ni ba yaro ba ne, na iya jira." Ya juya ga Hafsatu. "A kai su gidan ƙanena, can babu yara. Waɗanga masu cara kuma a tara mini su, ni da kaina zan kai su likita yanzu."

Sannan ya sake fuskantar Saliha, ya ɗaga tafukansa.

"Mi kinka ce sunanshi?"

"Hashimu."

"Allah ya jiƙan Hashimu. Allah ya sa mai ceto ne. Hajiya, ya haƙuri?"

Gaisuwar da ba a yi mata ba shekara talatin da suka wuce ke nan. Mata suka amsa da amin, har da wadda ta yi maganar tari. Saliha ta tsaya a tsakiyar hanya tana kuka da jikarta a ƙirji, ɗan kabu-kabu yana gefe ya kashe babur ya sunkuyar da kai.

Washegari da safe suka je gidan likitan garin. Ma'aikaciyar da ke karɓar mata ba ta ko ɗago kai ba, ta miƙo hannu.

"Ina karne?"

Marwa ta dubi uwarta ta ƙunshe dariya. Saliha ta miƙa shi da hannu biyu.

Da allurar ta shiga cinyar Ihsan, yarinyar ta yi jim, ta cika ƙirji da iska, ta kwantsama ihun da sai da na waje suka leƙo. Marwa ta kawar da kai tana cewa wayyo. Saliha kuwa ta matso da kunnenta kusa, tana sauraron yadda numfashin yake shiga ya fita ba abin da ya tare shi.

"Ƙara, ƙawata," ta ce. "Ƙara, ina ji."