Turare a Jikin Ɓera

Zorka ta zura hannu da tawul cikin akwatin gilashin, amma ta makara. Ɓerayenta biyu na hamada sun dunƙule wuri guda, jini ya ɓata garin katakon da suke kwana a ciki. Da ta raba su, Mrki, baƙin, ya kafa mata haƙori a yatsa, Beli kuwa, farin, ya kwanta gefe, maƙogwaronsa a yage. 'Yan uwan juna ne, tun suna ƙanana a rungume suke barci.

Surukinta Milutin yana bakin ƙofa da kofin gahawa. Tun da shi da 'yarta Dragana suka tare a gidan yake cewa ɗakin Zorka ya yi wa tsohuwa da ɓeraye girma.

"Haba Mama, da kin bari sun ƙarasa," ya ce. "Ni baƙin nake so ya ci."

Ta naɗe Beli a gyale, ta hau bas zuwa asibitin dabbobi. Likitar ta ce ba abin da ya rage sai allurar da za ta hutar da shi. Sannan ta sunsuna gashinsa, ta tambayi wanda ya fesa masa turare. Ta ce da ƙanshi suke gane juna, idan na ɗaya ya canja, ɗan uwansa zai ɗauka baƙo ne ya shigo masa. Zorka ta kai hanci. Ba turaren maza ba ne. Ta san shi sarai, domin ita ta saya wa Dragana.

Ta dawo ta tarar da Dragana a kicin tana naɗe nama a ganyen kabeji, cikinta ya tokare teburin. Zorka ta ajiye gyalen a gabanta, da gawar Beli a ciki. Dragana ta ture shi da gwiwar hannu.

"Na faɗa miki jaririna ba zai tashi cikin ɓeraye ba, kika yi kunnen ƙashi. Shi ma wanda ya rage ba zai daɗe ba, an ce kaɗaici na kashe su."

Zorka ta shiga ɗakinta. Mrki yana ta tonon garin katako daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana tsayawa yana sunsune-sunsune. Milutin ya riga ya janye gadonta, yana auna bango don gadon jariri. Bai ko juyo ba, ya miƙo mata bakin ma'aunin.

"Mama, riƙe min nan."

Ta riƙe da yatsan da aka ciza.